Zaman Rami: Rayuwar Sojoji a Ƙarƙashin Ƙasa, Daga Faransa Zuwa Dutsen Mora

A tsakiyar watan Satumba na 1914, makonni shida kacal da ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin Jamus da aka koro daga bakin kogin Marne suka ja da baya har zuwa tuddan da ke arewa da kogin Aisne a ƙasar Faransa. Nan suka tsaya, suka sa shebur da diga suka fara haƙa. Faransawa da Ingilishi da suka biyo sawunsu suka yi ta kai hari, abu ya faskara, su ma ala tilas suka tona nasu ramukan. Kafin shekarar ta ƙare, ramuka sun miƙe tun daga bakin teku a Beljiyam har zuwa iyakar Suwizalan, wajen kilomita 700, wato abin da ya ɗan zarce tafiyar Yamai zuwa Maraɗi a mota. A cikin waɗannan ramuka miliyoyin samari suka yi zaman kusan shekara huɗu.

Dalilin shiga ramin ba ɓoyayye ba ne. Bindiga mai ruwa ta wancan zamani tana iya aman harsashi wajen 500 a minti guda, ga kuma igwa da ke jefo wuta daga nisan da ido ba ya kai wa. Duk wanda ya tsaya a fili ya zama nama. Kakanninmu da suka gina ganuwa a Kano da Katsina da Damagaram, gwalalo suke haƙawa a bayan ganuwar domin abokin gaba ya faɗa ciki. To, a wannan yaƙi sojan ne da kansa ya sauka cikin gwalalon, ya mai da shi ɗaki da madafa da makwanci, sau da yawa kuma kabari.

Yadda ramin yake

Zurfin rami yakan kai mita biyu ko ya ɗan fi, yadda mutum zai yi tafiya a tsaye ba a hango kansa ba. A bakinsa ana jera buhunan yashi, a gaba kuma a shimfiɗa waya mai ƙaya. Ba a haƙa shi a miƙe sambal. Ana karkata shi ne, nan kwana can kwana, domin idan harsashin igwa ya faɗo ciki ɓarnarsa ta tsaya a lungu guda, kuma idan abokan gaba suka shigo kada su sami damar harbe na ciki duka a jere. Akwai ramin gaba, akwai na tsakiya, akwai na baya inda 'yan ko-ta-kwana suke, sannan ga wasu ƙananan ramuka da suka haɗa su, ta nan ake shigo da abinci da harsasai, ta nan kuma ake fita da waɗanda suka ji rauni.

A rundunar Ingila, soja yakan yi kamar kwana huɗu zuwa shida a ramin gaba kafin a canje shi, ko da yake idan yaƙi ya yi zafi ba mai maganar canji. Kullum kafin ketowar alfijir, kowa zai miƙe ya ɗaura wuƙa a bakin bindiga ya tsaya yana jira, domin a lokacin aka fi kawo hari. Haka kuma da magariba. Da rana ba abin yi sai goge bindiga da gyangyaɗi da rubuta wasiƙa, amma wanda ya yi gangancin ɗaga kai sama da buhun yashi, akwai gwanayen harbi a ɗaya gefen da ba su da wani aiki sai jiran irinsa. Dare shi ne lokacin aiki: a gyara bangon da ya rufta, a ƙara waya, a kwashe ruwa, a ɗauko abinci, wasu kuma a tura su su yi rarrafe su saurari motsin abokan gaba. Santirin da aka kama yana barci a bakin aiki, hukuncin kisa ne a kansa bisa dokar soja, alhali kuwa da wuya ka sami wanda ya yi barcin awa biyu a jere.

Ruwa, ƙwarƙwata da ɓera

Idan mai karatu ya tambaye mu wane ne babban abokin gaban sojan rami bayan igwa, sai mu ce ruwa. A yankin Flanders na Beljiyam, ƙasar fadama ce, da an yi ɗan haƙa sai ruwa ya ɓuɓɓugo, har wasu wurare dole aka daina tonawa aka koma tara ƙasa da buhuna a sama. An shimfiɗa katakai a ƙasan ramuka, amma da damina da hunturu soja yakan kwana ya wuni cikin taɓo mai sanyi har gwiwa, takalmi ɗaure a ƙafa. Daga nan sai ƙafar ta mutu, ta kumbura, ta canja launi, ta fara ruɓewa, wani lokaci sai an yanke yatsu ko ƙafar ɗungurungum. A hunturun farko kawai, wato na 1914 zuwa 1915, sojojin Ingila fiye da 20,000 aka yi wa jinyar wannan cuta. Maganin da aka samo daga baya ba na asibiti ba ne. An ba kowa ƙarin safa, an raba man kifin nan da ake kira whale domin shafawa, aka kuma haɗa sojoji biyu-biyu, kowa shi ke da alhakin duba ƙafar ɗan'uwansa kullum. Hafsoshi sun lura cewa mutum yakan yi sakaci da ƙafarsa idan gajiya ta kama shi, amma yana jin nauyin barin ta abokinsa ta ruɓe.

Ƙwarƙwata kuwa ba ta bar kowa ba, daga farabiti har kyaftin. Tana ƙwai a cikin ɗinkin riga da wando, sojoji kan zauna su bi ɗinkin da wutar kyandir suna fasa ƙwan, bayan kwana biyu ta dawo kamar ba a yi ba. Wani zazzaɓi mai ciwon ƙwauri da ya riƙa kwantar da dubban sojoji tun daga 1915, sai a 1918 likitoci suka tabbatar cewa ƙwarƙwatar ce ke yaɗa shi. Ɓeraye sun sami abin da suke so, ga ragowar abinci ga gawawwakin da ba a iya ɗaukowa daga tsakanin ramukan biyu ba. Suna bi ta kan fuskar mai barci, suna ɓarke jakar da aka rataye burodi. Sau da yawa idan ana faɗaɗa rami sai a ci karo da gawar wanda igwa ta binne watanni da suka wuce. Wari kuma ba a magana: ga na masai, wanda rami ne kawai ko bokiti a wani lungu, ga na gawa, ga na jikin mutanen da suka yi makonni ba wanka.

Abinci yawanci naman gwangwani ne da wani biskit mai tauri wanda sai an jiƙa shi kafin haƙori ya iya da shi. Abin da aka dafa a baya, kafin a iso da shi gaba cikin dare ya huce. Ruwan sha kuwa a garwar fetur ake kawo shi, shayin da aka dafa da shi ɗanɗanon fetur yake yi.

A ranar 22 ga Afrilu 1915, kusa da garin Ypres, Jamusawa suka saki iska mai guba ta kulorin. Cikin waɗanda ta fara faɗa wa har da sojojin Aljeriya da ke yi wa Faransa yaƙi. Wannan iska ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, saboda haka gangarawa take yi ta kwanta a cikin rami, wato wurin da soja ya ɓuya daga harsashi nan ta same shi. Ba a daɗe ba kowane ɓangare ya shiga amfani da irinta.

Akwai kuma ciwon da ba a gani da ido. Mutumin da ya kwana ya wuni igwa tana girgiza ƙasa a kansa, ba shi da wurin gudu, ba shi da abin da zai iya yi sai jira, wani sai jikinsa ya kama makyarkyata, wani ya daina magana, wani ya kasa tafiya ba tare da ko ƙwarzane ba. Rundunar Ingila ta lissafa kimanin mutum 80,000 masu irin wannan lalura. Manyan hafsoshi da yawa sun ɗauke ta a matsayin ragwanci. Sai a 2006 gwamnatin Ingila ta yi afuwa ga sojoji 306 da aka harbe a lokacin yaƙin bisa laifuffuka irin su gudu daga fagen fama da tsoro.

Ɗakunan ƙarƙashin ƙasa

A nan ne bambanci ya fito tsakanin ɓangarorin biyu. Jamusawa ƙasar wasu suka mamaye, niyyarsu su riƙe ta, don haka suka zaɓi tuddai suka yi gini na mai shirin zama. Manyan Faransa da Ingila kuwa gani suke yi ramin na ɗan lokaci ne, kuma suna tsoron idan soja ya sami ɗaki mai kyau ba zai so fita hari ba. Shi ya sa farabitin Ingila sau da yawa ɗan kogo kawai yake ƙwaƙulewa a jikin bangon rami ya cusa kansa, ƙafafu a waje. A ganinmu wannan tunani na manya ya ci rayukan da ba su san adadinsu ba.

A yankin Somme, inda ƙasar farin dutse ce mai sauƙin sassaƙa, Jamusawa sun haƙa ɗakuna masu zurfin mita tara zuwa goma, da matakala, da gadajen katako hawa-hawa, wasu har da wutar lantarki. A ƙarshen watan Yuni na 1916 Ingilishi suka shafe mako guda suna ruwan wuta a kansu, harsashin igwa fiye da miliyan ɗaya da rabi. Na ciki sun sha azaba, abinci ya yanke, ƙasa tana zubo musu, barci ya gagara, amma akasarinsu sun rayu. Da igwa ta yi shiru da safiyar 1 ga Yuli, suka hau matakala da gudu suka kafa bindigoginsu. A wannan rana guda sojojin Ingila 57,470 aka kashe ko aka raunata ko suka ɓace, 19,240 daga cikinsu matattu.

Su ma Ingilishi sun koyi darasi. A garin Arras akwai tsofaffin ramukan haƙar dutse a ƙarƙashin gidaje. Aka kawo mahaƙa daga ƙasar Niyu Zilan suka haɗe su da hanyoyi, aka sa lantarki da famfo da madafa da asibiti. Sojoji wajen 24,000 suka ɓuya a ciki kafin harin 9 ga Afrilu 1917. Tun 2008 an buɗe wani sashe na wurin domin masu ziyara, har yanzu ana ganin sunaye da zane-zanen da samarin suka bari a bango.

Sai dai ɗakin da ke kare mutum daga igwa yana da nasa sharrin. Iska ba ta wadata, kyandir yakan mutu don kansa, ƙofa kuma idan ta toshe shi ke nan. A sansanin Douaumont kusa da Verdun, a ranar 8 ga Mayu 1916, gobara ta tashi ta kai ga ma'ajin makamai. Gawawwakin Jamusawa 679 ba a iya fito da su ba, sai aka tara su a wani ɗaki aka toshe da gini, suna nan har yau. Wata guda bayan haka, a sansanin Vaux da ke kusa, Faransawa wajen 600 ƙarƙashin Manjo Raynal suka maƙale a wurin da aka gina domin mutum 250. Sun yi kwanaki suna faɗa a cikin lunguna masu duhu da hayaƙi, amma ƙishirwa ce ta karya su, domin tankin ruwansu ya ƙafe, har mutane suna lasar danshin bango, wasu suna shan fitsarinsu. Suka miƙa wuya ran 7 ga Yuni. A ranar 4 ga Mayu 1917 kuma, igwar Faransa ta toshe bakin wani dogon rami da ake kira Winterberg kusa da Craonne, da sojojin Jamus fiye da 200 a ciki. Uku kawai aka ciro da rai. Sai a 2020 aka sake gano bakin ramin.

'Yan Afirka a cikin sanyi

Faransa ta kwashi samari kusan 200,000 daga ƙasashen Afirka ta Yamma da take mulka, akasari da ƙarfin tsiya ta hannun sarakuna, ta kira su duka da sunan sojojin Senegal ko daga ina suka fito. Kimanin 30,000 ba su dawo ba. Sanyi ya yi musu illar da ta sa dole aka riƙa janye su daga rami idan hunturu ya shigo, a kai su sansanoni a kudancin Faransa irin su Fréjus da Saint-Raphaël. Amma a watan Afrilu na 1917, da Janar Mangin ya buƙace su domin harin Chemin des Dames, an dawo da su sanyi bai wuce ba. Ran 16 ga wata suka fita daga ramuka cikin ruwan sama da ƙanƙara, da yawa ƙafafunsu sun daskare, yatsunsu sun kasa sarrafa bindiga. Dubbai suka halaka cikin 'yan kwanaki.

Garwa da Mora

Sojojin Najeriya da na Gwalkwas, waɗanda da Hausa ake ba su umarni a fareti da fagen fama, ba a kai su Faransa ba. Sun sami nasu zaman ramin a nan kusa, a Kamaru, wadda a lokacin take hannun Jamus. A ƙarshen watan Agusta na 1914 wata runduna ta taso daga Yola ta afka wa Garwa, aka fatattake ta, aka kashe shugabanta Laftana Kanar MacLear. Daga nan kwamandan Jamus, Kyaftin von Crailsheim, ya tara leburori ya kewaye tuddan garin da ramuka da waya mai ƙaya, da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, da rijiyoyin tarko da aka kafa masu a cikinsu aka rufe bakinsu.

Da Kanar Cunliffe na Ingila da Laftana Kanar Brisset na Faransa suka dawo a 1915, ba su sake gangancin farko ba. Sojojinsu suka riƙa haƙa rami cikin dare suna matsowa kaɗan-kaɗan, aka kuma kawo manyan igwa biyu, ɗaya an ciro ta ne daga jirgin ruwan yaƙi aka hauro da ita ta kogin Binuwai. Daga 31 ga Mayu aka fara ruwan wuta. Ɗakunan da aka ce igwa ba ta huda su suka fara huduwa, baƙaƙen sojojin Jamus suka ƙi ci gaba da zama, wasu suka faɗa Binuwai da nufin tsira, ruwa ya cinye da yawa. Ran 10 ga Yuni Garwa ta faɗi.

Labarin Mora ya fi wannan tsawo. A watan Agusta na 1914, Kyaftin Ernst von Raben ya ga barikinsa da ke fili ba zai karu ba, sai ya kwashe mutanensa, kimanin 200, Turawa 'yan ƙalilan sauran duka 'yan Afirka, ya hau da su dutsen Mora a ƙasar Mandara. A kan dutse ba a haƙa rami yadda ake yi a Faransa. Duwatsu suka tara suka yi katanga, suka mai da kogunan da ke tsakanin manyan duwatsu ɗakunan kwana da ma'aji. Kyaftin Fox ya zo da sojoji daga Maiduguri, Faransawa suka zo daga Cadi, aka kewaye dutsen, su ma na ƙasa suka yi nasu ramukan da katangu. Duk harin da aka kai sama sai a koro shi, har da wanda Cunliffe ya jagoranta da kansa a farkon Satumba na 1915.

A Flanders yawan ruwa ne ya addabi soja, a Mora kuwa da rani ƙarancinsa ne, ga zafin da duwatsu ke ɗauka da rana. Shanu suka ƙare, aka koma kan dawaki da sauran dabbobin kaya. Cikin dare ake tura 'yan sintiri su ratsa tsakanin masu kewaye su nemo dawa a ƙauyuka, kuma kowa ya san daga rumbun wa wannan dawa take fitowa. Manoman wurin ba su da hannu a rigimar Turawa, amma da guminsu aka ciyar da ita. Rashin ganye da kayan marmari ya jawo wa na saman cutar nan mai sa dasashi ya kumbura ya yi ta jini. A Kirsimetin 1914 an ɗan tsagaita wuta, hafsoshin Turawa na sama da na ƙasa suka yi musayar kyaututtuka, bayan haka aka koma harbi. A ƙarshen Satumba na 1915 harsashi ya sami von Raben a ka yana zagayen duba mutanensa, ya daɗe yana jinya a kan dutsen da ba shi da asibiti.

Mai karatu zai lura cewa a duka ɓangarorin biyu, akasarin masu riƙe da bindiga a Mora 'yan Afirka ne. Littattafan tarihi sun adana sunayen von Raben da Fox da Cunliffe da Brisset, amma waɗanda suka yi wata goma sha takwas suna kwana a tsakanin duwatsu, da 'yan dakon da suka riƙa hawa da ruwa da harsasai a ka, yawanci adadinsu kawai aka rubuta.

A farkon 1916 sauran sojojin Jamus na Kamaru suka tsallaka zuwa yankin da Sifaniya take mulka a kudu, ya rage Mora kaɗai. Da aka aika wa von Raben da labari, ya yarda ya sauko bisa sharaɗin a bar baƙaƙen sojojinsa su koma garuruwansu lafiya, a kuma biya su bashin albashin da suke bi. Ingilishi suka amince, suka ba da kuɗin. Ran 18 ga Fabrairu 1916 mutanen suka sauko daga dutsen, yaƙin Kamaru ya ƙare. Shi kuwa von Raben ya rasu a Jamus a 1924.